Laravel, Django ko React? Zauna ka ji abin da wani Alhaji ya yi mini

Ka turo mini tambaya cikin dare, wai ka samu aikin wata makarantar kuɗi a Sabon Gari nan Damagaram, suna son manhajar da za ta riƙe sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta da takardun sakamako, ka rasa kayan ginin manhajar da za ka ɗauka tsakanin Laravel da Django da React. Ka kuma ƙara da cewa ɗan mai makarantar ya ce React yake so, wai shi ake yayi. Ba don wannan maganar ta ƙarshe ba, da na bari ka zo shago da safe in gaya maka kalma guda ka kama gabanka. Ita ce ta tayar mini da tsohon miki.

Tun farko ma jerin naka bai yi ba. React ba sa'an waɗancan biyun ba ne, su firemwok ne, wato shiryayyen tushe da ake ɗora manhaja gaba ɗaya a kai. Facebook ne suka sake shi a 2013, kuma aikinsa zana abin da ido ke gani a burauza, shi ke nan. Bai san rumbun bayanai ba, bai san wane ne darakta wane ne mai karɓar kuɗi ba, ba ya hana wani shiga inda ba a ba shi izini ba. In ka ɗauke shi, dole ka sake gina wani abu a bayansa, ka ga aiki ɗaya ya koma biyu, kuɗin kuwa na ɗaya aka ba ka. Yaron da ya shekara biyu a hannuna bai kamata ya jera su a layi guda ba. Amma ku yaran yanzu, duk abin da wani Bature ya ɗaga murya a kansa a YouTube, kun ɗauka wahayi ne.

A 2015 wani Alhaji ya aiko a kira ni. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, kuma muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Babban dila ne na kayan masarufi, yana da sito kusa da Kasuwar Dole, da reshe a Magarya, da wani a Matamaye, motocinsa kuma ba sa rabuwa da hanyar Kano. Damuwarsa ita ce kaya na fita daga sito amma lissafi ba ya komawa daidai, kuma bashin da ke hannun ƙananan ƴan kasuwa a manyan littattafai yake, kowane yaro da irin rubutunsa. Na yi kwanaki ina zama a siton nan ina kallon yadda ake sauke buhu, yadda ake rubuta rasidi, yadda ake juya naira zuwa sefa da farashin ranar. Ku ba kwa yin haka, kuna buɗe kwamfuta tun ba ku ga aikin da ido ba. Da na gama kallo na ce masa zan gina da Symfony, firemwok na yaren PHP, saba (kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta) ce za ta riƙa haɗa shafi ta turo shi a shirye, mara nauyi, yadda ko ƙaramar waya za ta buɗe shi a rezon Magarya. Symfony aikin Faransawa ne, Fabien Potencier ya fito da shi tun 2005, bayanansa da faransanci sun cika gari, duk yaron da ya fito daga jami'a a nan ko a Yamai zai iya karantawa ya gyara bayana.

Muka yi ciniki a kan miliyan ɗaya da jika 500, biya kashi uku. Ya ba ni kafin alƙalami jika 500 a gaban mutane biyu. Na kawo maganar takarda, sai ya dube ni ya ce, "Haba malam, ni da mahaifinka sahu ɗaya muke sallah." Wa zai sake buɗe baki bayan wannan?

Ana nan sai ɗan ƙanensa ya dawo daga karatu a waje. Yaro ne da tabarau da jakar kwamfuta, bai taɓa gina abin da mutum goma suka yi aiki da shi ba. Ya leƙa abin da na fara, ya taɓe baki, ya ce wa Alhaji PHP ta mutu, yanzu AngularJS ake yi, na Google ne. Kalmar Google ɗin nan ita ta gama da Alhaji. Na zaunar da su na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce tun watan Oktoba na 2014, a wani taro a Paris, masu AngularJS da bakinsu suka sanar cewa na biyun da ke tafe sabon gini ne daga tushe, wanda ya yi aiki da na farko ba zai wuce cikinsa kai tsaye ba. Duk mai sana'ar nan da ke bin labari ya san haka. Na ce wanda ya fara babban aiki da shi yau, gobe zai sake. Yaron ya yi dariya ya ce ai tsofaffi haka suke, abin da ba su iya ba sai su ce ba shi da kyau. Alhaji ya ce, "Malam, yi mana na Google ɗin, kuɗina ne." Na riga na ci kafin alƙalami, na biya yara biyu da ke taya ni, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Don ya san ba rashin iyawa ba ne, na gina shi, kuma ya yi aiki. Amma ka ji wahalar da aka sha. Kafin shafin farko ya buɗe, sai waya ta sauke tarin kod na JavaScript, yaren da burauza ke aiki da shi, a nan cikin gari ba laifi, a Magarya kuwa yaron sito sai ya ajiye waya ya sha shayi ya dawo. Sannan AngularJS yana da wata ɗabi'a: duk abin da ka ɗaura a shafi yana sa masa mai gadi, in aka taɓa abu ɗaya sai ya zagaya ya duba su duka. Masu sana'a na cewa in masu gadin suka haura 2000 shafi zai fara ja. Jerin kayan Alhaji kuwa, daga shinkafa da taliya zuwa ashana da batir, kowane layi da suna da farashi biyu da adadi. Sai da na yayyanka jerin, na cire ɗauri a inda ba a bukata, na yi dabaru iri-iri kafin ya yi sauri a wayoyin yaransa. Duk wannan ƙarin aiki ne da ba ya cikin ciniki, kuma ban nemi ko dala a kai ba.

Lokacin biyan kashi na biyu ya zo, Alhaji ya ce in yi haƙuri naira ta faɗi. Gaskiya ne, a watan Yuni na 2016 babban bankin Najeriya ya saki naira ta zube. Amma ni ne na gina masa lissafin, ina ganin komai. Mutumin da ke ɗaukar sefa ya je Kano ya sayo kaya, faɗuwar naira riba ce gare shi. Masu kai dabbobi Najeriya su ne suka yi kuka a shekarar, ba shi ba. Na yi shiru, na ce to.

A watan Satumba na 2016 Angular 2 ya fito, yadda na faɗa, da wani yare TypeScript, ba ya jituwa da na farko. Ka san abin da yaron nan ya yi? Ya je ya ce wa baffansa na sayar masa da tsohon kaya, wai Google sun daina wannan, wai na san haka na ɓoye. Ni da na zaunar da su na gaya musu! Alhaji ya kira ni, fuska a murtuke, ya ce ba zai biya miliyan guda a kan abin da ya riga ya tsufa ba. Na ce Alhaji ka tuna ranar da muka zauna a tabarma a bakin sito? Ya ce shi bai san waɗannan sunaye na Nasara ba, ni ne masani, ni ya kamata in hana. Na koma shago in shiga saba, na tarar an canza kalmar sirri. Hayar sabar da sunan shafin duk da sunan yaron aka yi, domin shi ke da katin banki mai biya a waje. Kod ɗina gaba ɗaya yana ciki. Daga baya na ji sun ba wani yaro a Yamai ya sake musu da sabon, ya ci nasa kuɗin ya bar su a tsakiya, suka koma kan nawa. Shekaru suka yi suna aiki da shi. Shi kansa AngularJS ɗin ba a daina kula da shi ba sai ƙarshen 2021, wato abin da aka ce ya tsufa ya yi musu hidimar fiye da shekara biyar kyauta.

Na kai ƙara wurin dattawan unguwa. Aka zauna bayan la'asar, aka tambaye ni takarda, babu. Shaidun nan biyu, ɗaya yaronsa ne, ɗayan kuma a siton yake ɗaukar kaya bashi. Aka ce in yi haƙuri, Alhaji ya zaro jika 50 ya ce in sha ruwa. Ban karɓa ba. Babur ɗina na sayar na cika wa yaran nan biyu haƙƙinsu, ɗayansu ma daga nan ya bar sana'ar ya koma sayar da wayoyi. Google ba su ci mini ko sisi ba, sun faɗi abin da za su yi a bainar jama'a kuma suka yi. Wanda ya cuce ni yana nan garin, har yau in ya gan ni sai ya ce, "Malam, ya kwamfuta?"

To ka ji dalilin da ya sa maganar ɗan mai makarantar nan ta sa na tashi zaune. Ba shi zai zaɓa ba. Mai aiki yana da ikon cewa ga abin da yake son manhaja ta yi, ga kuɗinsa, ga ranar da yake so. Abin da za a gina da shi kuwa naka ne, domin kai za a kira ranar da ta tsaya. In ya nace, ka rubuta a takarda cewa shi ya zaɓa, ka ƙara farashi, ya sa hannu. In ya ƙi, ka bar aikin, ba a kansa arziki ya ƙare ba.

Kai dai Laravel za ka ɗauka. Ba don ya fi Django ba. Django abu ne mai kyau, a wata jarida aka haife shi a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, aka sake shi a 2005, kuma yana zuwa da shafin gudanarwa a shirye: ka bayyana masa ɗalibi da aji da biyan kuɗi, ya fito maka da wurin shigarwa da gyarawa ba ka rubuta komai ba. Da Python, yaren Django, ce a hannunka, da na ce ka tafi can ba tare da waiwaye ba. Amma PHP, yaren Laravel, na koya maka, ita ka sani, kuma aikin mutane ba wurin koyon sabon yare ba ne. Ka koya da dare a kan abin da in ya lalace ba wanda zai zo ƙofar gidanku.

Sai dalili na biyu, wanda ya fi na farko. In za ka sayi babur a garin nan, ba wanda ya fi kyau a hoto kake saye ba, wanda kayan gyaransa ke Kasuwar Dole kake saye, wanda kowane bakanike zai kwance ya ɗaura. Gobe in ka samu aiki a Yamai ko ka tafi Agadas, wa zai riƙe wa makarantar nan manhajarta? Ka ƙirga masu PHP da ka sani a Damagaram, ka ƙirga masu sauran, amsar na hannunka. Taylor Otwell ya fito da Laravel a 2011, kuma ɓangarori da yawa na cikinsa daga Symfony aka ɗauko su, don haka wanda ya iya ɗaya ba zai ɓata a ɗayan ba. Hayar saba mai PHP da rumbun bayanai na MySQL ita ce mafi araha, ko'ina akwai ta. Ka tuna da yuro ko dala ake biyan hayar nan, yuro guda kuwa kusan sefa 656 ne, kuma duk shekara za a biya, ba sau ɗaya ba.

Kada ka ɗauka Laravel ba shi da aibi. Duk shekara suna fitar da sabuwar lamba, kuma kowace lamba shekara biyu kawai ake toshe mata kafofin tsaro. Django yana da fitowa ta dogon zango, duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, irin su 4.2 a 2023 da 5.2 a 2025, ana kula da kowace kimanin shekara uku. Ta Symfony ma ta fi, shekara huɗu ta fuskar tsaro. Wannan lissafin nake so ka riƙa dubawa kafin ka ɗauki kowane firemwok, ba yawan taurarin yabo da aka ba shi a GitHub, shafin ajiye kod, ba. Ka buɗe shafinsu ka ga ranar da za su daina kula da lambar da za ka ɗauka, ka ga ko sun taɓa rushe gini suka bar mutane a rana. Masu Python ma sun ɗanɗana, da aka rufe Python 2 a ranar 1 ga Janairu 2020. A ɓangaren React kuwa, kayan da kowa ya koyi fara aiki da shi, Create React App, an yi masa ritaya a 2025, Next.js kuma, firemwok ɗin da aka ɗora a kan React, ya sauya tsarin shafukansa a lamba ta 13. Kamfani mai ma'aikata hamsin zai iya bin wannan guguwar. Kai kaɗai ne, da kwamfuta ɗaya da batirinta ya fara kumbura.

Kuma ka rage kwashe-kwashen kayan mutane. Na ga aikinka na kwanan baya, don ka nuna kwanan wata da faransanci sai da ka sauke laburare guda, wato shiryayyen kod na wasu. A watan Maris na 2016 wani mutum ya cire ɗan kod ɗinsa mai layi 11 daga npm, ma'ajiyar da masu JavaScript ke ɗaukar kod, left-pad sunansa, manyan ayyuka a duniya suka ƙi haɗuwa a ranar. Duk abin da ka jawo cikin aikinka, ka ɗauki alhakinsa. Balle yanzu da kuke tambayar ChatGPT ku kwafo ku liƙa, in na ce wannan layin me yake yi sai ku hau sosa ƙeya.

Yadda ake girka Composer, mai sauko da kayan PHP, da haɗa rumbun bayanai da shafin shiga, ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai iya wannan ba ya koma aji. Shafuka ka yi su da Blade, kayan tsara shafi na Laravel, saba ta haɗa ta turo. In akwai wuri ɗaya ko biyu da ke bukatar motsi, kamar neman sunan ɗalibi ana bugawa yana fitowa, Livewire, ƙarin da ake yi wa Laravel don irin wannan, ya ishe ka. Ni da ni ne ma, ba zan kai manhajar intanet ba a shekarar farko. Kwamfuta ɗaya a ofishin darakta, sauran su shiga ta rezon cikin gida, a sa mata batir saboda ɗaukewar wuta lokacin zafi, kwafin ajiya kuma kullum ya fita daga ginin. Mai karɓar kuɗi ba zai ce wa uban yaro ya dawo gobe ba don forfen intanet ya ƙare.

Abu biyu ne ƙanana da ke kunyata yara irinka. Rumbun ka sa shi a tsarin haruffa na utf8mb4 tun ranar farko, domin tsarin latin1 zai karɓi é na faransanci lafiya lau, amma ranar da aka rubuta Ɗanladi ko Ƙasimu sai ka ga alamar tambaya a takardar sakamakon ɗan mutane. Kuɗi kuma ka ajiye shi a cikakkiyar lamba, sefa ba ta da gutsure a hannun kowa, kada in ga float, wato lamba mai gutsure, a wurin. Makin ɗalibai bisa 20 da kowafisiyan ɗin kowane darasi, ka tambayi darakta yadda suke cike gutsuren maki, ka rubuta amsarsa, domin a nan ne iyaye ke zuwa da faɗa.

Hayar saba in an kai ga yi, da sunan shafi, da ma'ajiyar kod, duk a hannunka za su zauna har sai an biya kashi na ƙarshe, sannan ka miƙa komai, ba ka riƙe ko kalmar sirri ɗaya ba. A takardar ka rubuta sunan firemwok da lambarsa, ka rubuta cewa sabuntawa da gyara bayan wata uku da miƙa aiki kuɗinsu daban, duk shekara. In mai makarantar ya ce shi da babanka abokai ne, ka ce alhamdu lillahi, ka miƙa masa biro.

Sun ce suna so kafin komawa makaranta a watan Oktoba, ko? To ka ce musu rajista da kuɗin makaranta kawai za su samu a lokacin, takardun sakamako sai gab da jarrabawar farko. Gobe ka biya makarantar ka karɓo tsohon littafin rasidinsu da takardar sakamako guda ta bara, ka same ni a shago bayan azahar. Kuma nawa ka ce musu? Ba ka faɗa mini ba, na san kuma dalili, ka karya farashi ne.